Kujerar Goggo Dudu

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin shago da makulli a hannu, ko buɗewa ban yi ba. Goggo Dudu ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yarta Adda Hauwa ce ta kira ni. Ta ce bayan sallar asuba Goggo ta nemi ruwa, ta sha, ta koma ta kwanta. Shi ke nan.

Na mayar da makullin jaka, na tsaya ina kallon Kasuwar Jalingo kamar yau na fara ganinta. Masu baro suna wucewa, maƙwabciyata tana yi mini magana, ina ganin bakinta yana motsi amma ba na jin komai. Hadari ya sauko kan duwatsun bayan gari ya zauna, bai zubo ba, bai kuma tafi ba. Har yanzu da nake wannan rubutu jikina bai gama yarda ba.

Gaskiya zan faɗa muku. Bayan salati, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Manu. Na ce a zuciyata, to yanzu wa zai zaunar da shi?

Manu ɗana ne. Wanda ya san gidanmu ya san shi, don ba ya ɓoyuwa. Tun da ya fara tafiya bai san zama ba. Ya hau tebur, ya diro, ya zagaya tsakar gida, ya buɗe famfo, ya maƙale a taga. Ka kira sunansa, kamar da bango kake. Magana kuwa sai kalma ɗaya ɗaya, ita ma sai ya ga dama. A asibiti suka ce otizim ne, abin da na ji a rediyo ana kira galahanga, haɗe da rashin iya tsayar da hankali wuri guda. A unguwa kuwa kowa likita ne. Wannan ta ce iskoki ne, waccan ta ce sangarta ce, wani ya ce bulala ce bai sha ba.

Duk makarantar da na kai shi, sai a dawo mini da shi cikin ladabi.

Bana ne wata makaranta kusa da mu a Kachalla Sembe ta yarda za ta gwada shi idan an dawo hutu. Sharaɗinsu guda ne: ya iya zama a aji. Goggo ta yi alkawarin za ta raka shi kwanakin farko, ta zauna a bayan aji. Makon gobe ake komawa. Kun ga dalilin da shi ya fara faɗo mini a rai a bakin shago.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san wadda muka rasa.

Maman Bitrus ce ta haɗa ni da ita, wata 'yar Mumuye mai kayan miya a layinmu, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ran nan Manu ya zare hannunsa daga nawa ya yi titi da gudu, Keke Napep na tahowa. Ita ta cafko shi a rigar baya. Ina kuka, ta ce, "Maman Manu, ka daina kuka. Akwai wani mata a Abbare, ka kai shi wurin shi. Bitrus na ma haka ta yi, yanzu tana zauna ta ci abinci."

Na je ba don na yarda ba. Na je ne don wuraren zuwa sun ƙare mini.

Goggo Dudu tsohuwar malamar makaranta ce, ta karanci koyar da yara irin su Manu, ta yi aikin har ta yi ritaya. Da ta ajiye aiki sai ta riƙa karɓar yara a gidanta ranar Asabar, kaɗan kaɗan, kowa da lokacinsa. Doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga murya. Tsakar gidanta akwai bishiyar mangwaro, da 'yan kunyoyin yakuwa da kuɓewa a gefen katanga, da farar kujerar roba wadda ba mai zama a kanta sai ita.

Ranar farko Manu ya shiga gidan kamar an sako shi daga mari. Ya kifar da bokiti, ya taka yakuwa, ya ja igiyar shanya. Ni kuma ina bin sa ina ihu ina ba da haƙuri lokaci guda.

Ta ce, "'Yar nan, zauna. Shi ai yaro ne. Ke ce kika fi ba ni tsoro."

Na zauna ina huci. Ta daɗe tana kallon sa. Can ta juyo ta ce, "Me ya fi so a duniya?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Kowa abin da ke damun sa yake tambaya. Sai da na yi tunani, na ce ruwa. Idan ya ga ruwa yana zuba, duniya ta tsaya masa.

Ta ce, "Boɗɗum." Kalmarta ke nan ta Fulatanci idan abu ya yi mata daidai. Ta tashi ta ɗauko gorar ruwa ta roba, ta huda gindinta da allura, ta ɗaura mata zare a wuya, ta rataye a reshen mangwaro. Ta shimfiɗa 'yar tabarma a ƙasa, ta ajiye kwano a gaban tabarmar. Ta zuba ruwa ɗan kaɗan a gorar, wanda bai fi a kurɓa ba.

Ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce, "Manu. Zama. Ruwa ya ƙare, ka tashi."

Ya zauna. Ruwan ya ɗiga a kwano, ɗis, ɗis, ɗis, ya ƙare. Kafin ya zabura ta riga shi, ta ce, "Boɗɗum, Manu ya zauna. Tashi ka yi gudu."

Zaman bai kai tsawon karatun Fatiha ba. Amma ni a rayuwata ban taɓa ganin ɗana ya zauna don an ce ya zauna ba. Na rufe fuska da mayafi.

Daga nan muka zama 'yan gida.

Aikinta ba shi da wani sirri, ita ma haka take cewa. Kafin zama sai aiki mai nauyi: ya ɗauki ɗan bokiti ya shayar da kuɓewa, ya dawo, ya sake. Wani lokaci ta ba shi taɓarya ya yi ta dakan masara har ya yi gumi. Ta ce jikinsa cike yake da gudu, idan ba a ba gudun hanya ba, zai nemi hanya da kansa. Sai ya huce sannan a zo tabarma.

Kowace Asabar ruwan gora yana ɗan ƙaruwa. Ba da yawa ba, yadda shi kansa ba zai lura ba. Daga baya ta fara ajiye masa faranti, wake da masara a gauraye, ya ware su yayin da ruwan ke ɗiga. Daga wake aka koma fensir.

Ni ce ɗalibar da ta fi ba ta wahala. Ni 'yar kasuwa ce, bakina ba ya hutawa. Zan ce, "Manu zo nan ka zauna na ce maka ka daina hawa wurin nan kana ji na ko ba ka ji so kake ka karye?" Sai ta ce, "Kin zuba masa buhu guda, a ina zai sa? Ba shi mudu. Manu, sauko. Sai ki yi shiru ki jira."

Jiran nan ya fi mini ɗaukar dila wuya.

Ta hana ni tsawa a kan tsalle-tsallen da ba zai ji ciwo ba. Ta ce in kau da kai. Amma da zarar na ga ya natsu, ko na ƙiftawar ido ne, in yabe shi nan take, in kuma faɗi abin da ya yi. Ta ce, "Kullum sai ya yi ɓarna kike ganin sa. Ki koyi kama shi yana abin kirki."

Ta koya mini in riƙa jera masa abu biyu kawai: da farko wanka, sannan famfo. Da farko takalmi, sannan waje. Abin da ba ya so a gaba, abin da yake so a baya, kuma kada in taɓa saɓa alkawarin.

Da na ce mata surukata ta kawo rubutu da hayaƙi, na ɗauka za ta yi faɗa. Ta ce, "Addu'a kam kada ki bari, ni ma ina yi masa. Hayaƙin dai a rage, yana sa shi tari. Asabar kuma ki kawo shi."

Amma dokarta babba, wadda ta fi maimaitawa, ita ce ta ƙarewar abu. Ta ce yaran nan ba a yanke musu abu farat ɗaya. Idan wasa zai ƙare, a gaya musu saura kaɗan. Idan za a fita, a nuna musu takalmi tun da wuri. Shi ya sa ta zaɓi gorar da ake ganin cikinta, don ya riƙa kallon ruwan yana sauka, ya san ƙarshe na tafe.

Ba zan ce muku Manu ya warke ba. Ita ma ba ta yarda a faɗi haka, tana cewa ba zazzaɓi ba ne. Har gobe yana tsalle, yana kaɗa hannu idan ya ji daɗi, yana toshe kunne idan an ta da janareto. Amma yana zama ya ci tuwo da mu. Yana riƙe hannuna mu tsallaka titi. Ran da ya zauna aka yi masa aski har aka gama, babansa fita ya yi waje, ya ce wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Asabar ɗin nan su ne hutuna. Ina tuna su kamar abin da na gani a barci. Inuwar mangwaro tana yawo a kan tabarma, ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, kurciya tana kuka a kan katanga, ga ɗigar ruwa a kwano. Goggo a kujerarta, gwiwarta tana taɓa kafaɗar Manu. Wani lokaci ni ce nake gyangyaɗi. In na farka sai ta ce, "Ke ma gora za a rataya miki."

Kullum in zan tafi sai ta tsinko mini yakuwa. Kuma ba ta taɓa barin mu fita ba tare da ta ce da Manu, "Useko, ka yi aiki," wato godiya da Fulatanci, kamar wani babban mutum ya taimaka mata.

Ni dai abin da na yarda da shi shi ne, hannunta ne. Na sha gaya mata. Na ce, "Goggo, Allah ya ba ki wani abu a hannu. A gida in na rataya gorar sai ya zauna rabi ya tashi." Sai ta yi dariya ta ce, "Hannuna duk amosani ne."

Bayan ƙaramar sallah sai ta ɓullo da wani sabon hali.

Na zo ranar Asabar na tarar ta ja kujerarta baya kaɗan daga tabarma. Ta miƙo mini buta ta ce, "Yau ke za ki zuba." Na zuba. Manu ya waiga ya dube ta, ta gyaɗa kai, ya zauna.

Asabar ta gaba kujerar ta koma gindin bishiya. Ni na ce zama, ni na ce tashi, ita tana tsinkar zogale a faranti kamar ba ta san muna yi ba.

Daga gindin bishiya sai bakin rijiya. Daga bakin rijiya sai baranda. Manu yana waigawa, amma waigen yana raguwa.

Abin ya fara ba ni haushi, kun san ni ba na iya ɓoyewa. Na ce, "Goggo, ni fa wurinki na zo. In ni zan yi komai ai da na zauna a gidana na huta da kuɗin Keke." Ta ce, "Rana ce ta dame ni." Na ce ai ko'ina inuwa ne. Ta ce, "To tsufa ne." Ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Na lura ta rame. Na tambaya, ta ce azumi ne bai sake ta ba. Na yarda, don ina son in yarda.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ita ce Asabar da ta wuce. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Na shiga ban ga kujerar a tsakar gida ba. Tana cikin ɗaki, an ɗage labule, daga tabarma ba a ganin komai sai ƙafafunta da gefen zanenta. Ta ɗago murya ta ce mu fara, tana ji.

Na cika gorar har wuya, abin da ban taɓa yi ba. Manu ya zauna da fensir yana zana da'irori. Sau ɗaya ya ɗaga kai wajen ƙofar. Ruwan ya yi ta ɗiga har na manta da shi, na bi wani gajimare da ido yana tsallake dutse. Da ya ƙare na ce, "Manu ya zauna. Tashi."

Daga cikin ɗaki muka ji ta ce, "Boɗɗum."

Da za mu tafi na leƙa na tuna mata maganar makaranta. Na ce, "Goggo, saura kwana kaɗan fa, kin ce za ki raka shi." Ta riƙe hannuna, tafinta da ɗumi, ta ce, "In Allah ya kai mu. In ban samu zuwa ba, ki gaya wa malamar ta zaunar da shi kusa da ƙofa, ta riƙa aiken sa ya goge allo. Ki tafi masa da gora makarantar." Na ce wane irin in ba ki samu zuwa ba? Ta ce, "Tsinki yakuwarki da kanki yau."

Manu ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ce masa, "Useko, Manu. Saura kaɗan."

Na ɗauka maganar makaranta take yi.

Yau da na bar kasuwa na rasa inda zan ajiye shi, babansa yana wurin jana'iza. Dole na tafi da shi gidan rasuwar, ina fargaba, don taron mutane da koke-koke su ne abin da ya fi birkita shi. A hanya na yi yadda aka koya mini. Na nuna masa takalmi. Na ce, "Da farko gidan Goggo, sannan gida." Na ce, "Goggo ba ta nan. Goggo ta rasu." Shi dai yana ta kallon ruwan da ke gudu a kwata.

Gidan cike yake da mata har bakin rijiya. Maman Bitrus tana gefe da gyalenta a ka, idanunta sun kumbura. Ga wasu iyayen da ban taɓa haɗuwa da su ba, amma muna haɗa ido muka gane juna.

Manu ya toshe kunne. Ya fara zagaye, ya taka tabarmar wata tsohuwa, ya ture buta. Na ji an fara cewa, "Ɗan wa ye wannan? A kama shi mana." Ihun ya taho mini har maƙogwaro. Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya, makaranta kuma sai dai mu ji a bakin wasu.

Na haɗiye ihun. Na tsaya na jira.

Ya zagaya bishiyar, ya sake zagayawa. Sai ya tsaya. Gorar tana nan a rataye inda muka bar ta, babu komai a ciki, iska tana juya ta a hankali. Ya yi ɗage ya ciro ta.

Farar kujerar tana baranda, an fito da ita, ba kowa a kai. Ta gabanta ya bi. Bai ko kalle ta ba. Ya ratsa cikin matan nan ya zo ya sa mini gorar a hannu.

Ya ce, "Mama. Zuba."

Na zuba. Na rataye. Wata baiwar Allah ta matsa ta ba shi gefen tabarma. Na ce, "Manu. Zama. Ruwa ya ƙare, ka tashi."

Ya zauna a tsakiyar gidan makoki, mata suna shiga suna fita, ana salati, ana kuka. Babu kwano, ruwan yana ɗiga a ƙasa yana yin ɗan rami. Ya zuba masa ido har ɗigon ƙarshe.

Adda Hauwa ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce tun kafin azumi likita ya gaya wa Goggo abin da ke jikinta, ta hana a faɗa wa kowa. Ta ce sun yi ta fama da ita ta sallami yaran ta huta, ta ƙi. Wai ta ce, "Ba a yanke musu abu farat ɗaya. Iyayen ma haka. Ku bar ni in ja baya a hankali."

Maman Bitrus ta ji, ta ce, "Mu ma haka ya yi mana. Kujera yana tafiya, yana tafiya."

Ashe duk gidajen haka ta yi. Ashe tun bayan sallah take sallamar mu, muna kallo ba mu gane ba.

Goggo, da safe na so in yi miki ƙorafi. Na so in ce ke da kika hana a yanke wa yaro abu ba sanarwa, ga shi kin tafi ba ko sai an jima. Yanzu bakina ya mutu. Kin faɗa, ni ce ban ji ba. Ina kewarki ƙwarai, kuma ina jin tsoron makon gobe, ba zan ɓoye ba. Ban san ko za su riƙe shi ba. Amma na wanke gorar, tana cikin jakarsa, kuma ni zan zauna a bayan ajin.

Da ruwan ya ƙare ɗazu, Manu ya ɗago ya dube ni yana jira. Sai ya faɗa wa kansa, a hankali, da irin muryarta: "Boɗɗum."

Ya Allah, ga baiwarka Dudu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi kamar inuwar da ta zaunar da 'ya'yanmu. Yadda ta yi haƙuri da waɗanda mutane suka gaji da su, ka yi mata rahamar da ta fi haka. Ka ba Adda Hauwa da 'yan uwanta juriya. Mu kuma da ta bar wa aikin, ka ba mu haƙurin jira.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Ka tsaya ka yi mata addu'a, ko ba ka san ta ba, kowa yadda yake roƙon Ubangijinsa. In da sauran wuri a addu'ar, ka sa Manu, ranar Litinin zai shiga aji.